Cibiyar Raliatou a Garin Gwangwani

Duk wanda ya taɓa zama a shagon Malam Moutari a unguwar La Guillotière ta Lyon ya sha labarin Garin Gwangwani, ko yana so ko ba ya so. Ka zo sayen shadda, ka fita da tarihin gari guda. Ni da shagona ke jikin nasa har na haddace shi, wani lokaci ma ni nake gyara masa idan ya yi tsallake.

Sunan garin na asali Port-Vérel, a bakin kogin Rhône, can ƙasa da Saint-Fons. Moutari ya sauka can daga Tahoua yana saurayi. Akwai tsohon injin niƙan alkama da ruwa ke juyawa, da masana'antar da ake ɗura wake da tumatir a gwangwani. Shi aikinsa rufe murfi. Ya ce idan lokacin tumatir ya zo, gari duka ƙamshin miya yake, har rigar limamin coci.

Can ya kawo matarsa Sabuwa, can ta haifi 'yarsu tilo, Raliatou. Da cibiyar jaririya ta faɗi, Sabuwa ta ce atafau ba za a jefa ta a shara ba. Ta ƙulle ta a ƙyalle, ta binne a gindin wata bishiya bayan injin niƙa. Moutari yana wurin aiki, sai da ya dawo ta gaya masa. Ya ce madalla, bai je ya duba ba, don a ganinsa gari ba ya tashi ya gudu.

Ashe yana gudu. Aka rufe masana'anta, aka datse kogi, aka shimfiɗa babban titi, kowa ya kama gabansa. Sabuwa ta rasu a Lyon.

A 1986 Raliatou tana aure a unguwar La Goutte d'Or ta Paris, da tsohon ciki. A wani taron suna matan Maradi da na Damagaram suna ta kuri da garuruwansu, sai wata Hajiya mai tsinin baki ta tambaye ta inda aka binne cibiyarta. Aka yi dariya, ita kuwa abin ya tsaya mata a rai. Ta hau jirgin ƙasa daga Paris ta zo ta ce sai uban ya nuna mata wurin.

Ni na kai su a motata. Moutari ya sa babbar riga kamar mai zuwa Idi, yana ta kwatance a hanya: nan mai burodi, nan gada. Muka isa, muka fito daga mota. Ruwa ne shimfiɗe, da ganuwar siminti, da manyan motoci suna wucewa. Ya yi gabas, ya dawo yamma, ya tsaya yana kallon tsallake. Wallahi na ji tausayinsa. Na matsa na raɗa masa ya nuna ko'ina ne, wa zai ƙaryata shi?

Ya harare ni. "In yi wa ɗiyata ƙarya a kan uwarta?"

Raliatou ta ce, "Baba, nan ne?"

"Ban sani ba, ɗiyata. Sabuwa ta sani."

Ta daɗe tana kallon ruwan, hannunta a kan cikinta. Sannan ta ce, "To in yaron nan ya tambaye ni ni 'yar ina ce, mi zan ce mishi?"

Moutari ya share fuska da hannun riga.

"Ki ce ke 'yar Garin Gwangwani ce. In ya ce babu gari mai wannan suna, ki kawo mini shi. Amma ki yi sauri, Raliatou, waɗanda suka san shi mun kusa ƙarewa."