Gadon da Ya Kalli Gabas

Duk Bahaushen da ya zauna a Riyad a shekarun da kuɗin mai suka ɓarke ya san Alhaji Dabo Direba, in ma bai san shi ba to ya san motarsa. Wata tsohuwar bas ce 'yar ƙarama, ruwan toka, da ke ajiye a lungun gidansu a unguwar Al-Ud, kusa da katangar maƙabarta. Kullum iri ɗaya yake ajiye ta, hancinta na kallon mafitar rana, ko da kuwa sai ya sha wahalar juyawa a wannan matsattsen lungu. Mutane sun ɗauka rigimar tsohon direba ce kawai.

Mutumin Bakori ne, dogo, maras yawan magana, irin mutanen nan da sai ka gaishe su sau biyu kafin ka tabbatar ba fushi suke da kai ba. Babbar mota ya tuƙa a gida tsakanin Funtuwa da Ikko, har wani kamfanin gine-gine ya ɗauko shi ya kawo shi Saudiyya. Da ya zauna sosai, kafilinsa, wato mai kamfanin da ya tsaya masa a ƙasar, ya yarje masa ya ɗauko matarsa Hansai.

To ga abin takaici. Hansai ta yi shekara da shekaru a ƙasar, Makka na nan tafiyar yini da kwana a mota, amma ba ta taɓa ganin Ka'aba ba. Shi Dabo ya je ya sake zuwa, domin duk lokacin aikin Hajji shi ake sa ya kai manyan kamfani da iyalansu. Motar a cike take, babu wurin matar direba. Kowace shekara sai ya ce mata, "Baɗi in Allah ya so." Ita kuma ta ce, "Allah ya kai mu, Alhaji." Ba ta taɓa ɗaga masa murya a kai ba, kuma wallahi wannan ya fi masa ciwo da a ce ta yi faɗa.

Sai ciwon zuciya ya kama ta. Ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya zama aiki. Ba ta iya doguwar zama, ba ta iya kwanciya a miƙe sai an tokare mata kai da kafaɗa. Likita bai ɓoye wa Dabo komai ba, Dabo kuwa ya fito daga asibiti ya san baɗin nan da yake ta faɗa ba lalle ta zo ba. Washegari ya shiga ofishin kafili, mutumin da bai taɓa roƙon komai ba, ya ce bana yana son hutun Hajji, zai kai matarsa. Lokacin sababbin motoci na ta kwararowa kamfanin, tsofaffin an jibge su a bayan shinge suna shan rana. Kafili ya nuna masa bas ɗin da leɓe ya ce ya ɗauka, in ta tashi tasa ce.

Dabo ya sa aka jawo ta zuwa garejin amininsa Isiyaku, bakanike ɗan Damagaram, can kudancin gari inda ake ta kafa sababbin masana'antu. Isiyaku ya zagaya ta, ya buɗe inji, ya rufe, ya kama haɓa.

"Alhaji, wannan ai ba gyara take so ba, addu'a take so."

"Ka yi gyaran, ni zan yi addu'ar," in ji Dabo.

Haka suka dinga yi, kullum bayan an tashi aiki da kuma yinin Juma'a. Suka sauke lagireto aka wanke aka liƙe, aka sauya kulochi, aka ɗaura tayoyi, aka yi wa salansa walda. Suka cire kujerun baya duka. Dabo ɗaki yake so ya yi a ciki, mai gado da wurin ajiye ruwa da ɗan murhun gas, yadda Hansai za ta yi tafiyar a kwance kamar tana gida. Isiyaku ma ya ce shi da matarsa Tabawa za su bi su, Tabawa ta kula da maras lafiya, shi kuma ya kula da maras lafiyar ƙarfe.

Da Dabo ya tambayi Hansai irin gadon da take so, abu ɗaya ta roƙa.

"Ka sa a yi shi yadda in na kwanta a gefen dama zan riƙa kallon gabas. In muna tafiya in san Ɗakin Allah nake fuskanta."

Nan fa abin ya faro. Bahaushe tun yana yaro gabas ake nuna masa a ce ya yi salla, har kalmar ta zame masa ɗaya da alƙibla. Riyad kuwa Makka tana yamma da ita. Dabo ya san haka sarai, kullum mafaɗar rana yake fuskanta a masallaci, amma a bakinsa da na Hansai duk inda aka kalla aka yi kabbara sunansa gabas. Da ya je wurin kafinta, wani dattijo ɗan Yaman, sai ya ɗauki kalmar matarsa ya juya ta Larabci yadda take. Ya ce maras lafiya ce za a kai Makka, a gindaya gadon a bayan kujerar direba, in ta kwanta a gefen dama ta kalli sharƙ, wato gabas.

Kafinta ya ɗago kai. "Za ku Makka, tana kallon sharƙ?"

"Sharƙ," in ji Dabo, yana duba agogo don ana jiransa a wurin aiki.

Dattijon ya ɗaga kafaɗa. Ƙila ya ɗauka ba a son ranar yamma ta doki idon maras lafiya. Ya yi aikinsa tsaf, ya ɗaga wajen kai a bayan kujerar direba daidai, ya kafa allon katako a bayan mai kwanciya don kada birki ya wurgo ta gaba. Mai kwanciya a gadon nan ƙofar baya kawai zai riƙa kallo. Dabo ya zo ya danna katifa, ya girgiza katako, ya ga ƙarfi, ya yi godiya. Hankalinsa duk yana kan fahas.

Fahas shi ne duba lafiyar mota da jami'an hanya ke yi, kuma tsohuwar mota irin wannan da aka sauya wa ciki ba ta hawa hanyar alhazai sai sun duba sun yarda. Filin cike yake da motoci, kowa na son ya wuce kafin a rufe ofisoshi don hutu. Zuwan farko jami'in ya hau, ya ja ta, ya taka birki, motar ta karkace hagu. Ya leƙa ciki ya ga tukunyar gas a sake babu ɗauri. Ya miƙa wa Dabo makulli ya ce ya gyara ya dawo. Gaskiyarsa ce, Isiyaku ma bai yi musu ba.

Zuwa na biyu birki ya kama daidai, tukunyar gas an yi mata keji. Sai jami'in ya zagaya baya. Gilashin ƙofar baya ya daɗe da fashewa, tun a kamfani aka toshe wurin da falangen katako, ƙofar kuma ba ta buɗuwa ta ciki. Ya ƙwanƙwasa falangen da yatsa ya ce a cire, a sa gilashi, a gyara mariƙin ƙofa.

Ranar ce kaɗai Isiyaku ya taɓa ganin Dabo ya fusata. A hanyar komawa ya dinga dukan sitiyari.

"Gilashin baya! Wa zai kalli baya? Gaba za mu! Matar nan kullum ƙara kumbura take, su kuma gilashi ya dame su!"

Isiyaku ya bar shi ya huce, sannan ya ce, "Ka gama? To mu tafi wurin 'yan gwangwan."

Sun yini suna tona matattun motoci kafin su samu gilashin da ya shiga, babba, garau. Ranar ƙarshe kafin a rufe suka koma, Dabo na ta addu'a tun daga ƙofar fili, don in aka sake mayar da su shi ke nan sai wata shekara, Hansai kuwa ba ta da wata shekara. Jami'in ya buɗe ƙofar baya ta ciki, ya rufe, ya tsaya yana kallon gadon. Ya tambaya na wane ne. Dabo ya gaya masa. Mutumin ya manna takardar shaida a gilashin gaba, ya ce Allah ya karɓa mata.

Da la'asar aka kawo motar ƙofar gida. Tabawa ta riƙo Hansai a hankali suka hau da ita, ta kwanta a gefen dama, ta shafa katifar, ta ce kai, wannan ai ya fi na ɗaki daɗi. Sai ta kalli lungu ta sabon gilashin.

"Alhaji, in mun kama hanya, hancin motar ne zai kalli Makka ko?"

"Shi ne mana."

"To ni kuma ina zan kalla?"

Tabawa ta dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu!" Dabo ya juya ya dubi gadon. Sai a lokacin ya ji kalmar da ya faɗa wa kafinta ta dawo masa cikin kunne. Abu ɗaya tak matar nan ta roƙe shi a duk zamansu a ƙasar, shi ma ya juya mata shi baya. Kunya ta rufe shi, ya rarumi guduma ya ce yanzu zai ɓalle allon ya juya gadon. Isiyaku ya riƙe masa hannu, ya ce kafinta ya rufe shago ya tafi, gadon da ƙusoshin ƙarfe aka ɗaure shi a ƙasan mota, gobe da safe kuma ayarin alhazai zai tashi.

Hansai dariya ta yi, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har tari ya sarƙe ta.

"Ajiye gudumar nan, Alhaji. A tafiya ai can muka nufa, ko na gani ko ban gani ba za mu isa. A dawowa ne mutum ke son waiwaye. Bar mini abina."

Suka tafi. Motar nan da Isiyaku ya ce sai addu'a ba ta ko yi tari ba har suka gangara Makka. Kan Hansai yana bayan kujerar Dabo daidai, duk tsawon hanya yana jin numfashinta, in ya yi nauyi ya rage gudu. A kan makarar katako masu ɗaukar marasa lafiya suka zagaya da ita Ka'aba, Dabo na biye a gefe riƙe da bakin mayafinta. Ranar Arfa aka buɗe mata ƙofar baya, ta zauna a bakinta ta ɗaga hannu har rana ta faɗi. Da suka gama komai ya kawo mata ruwan Zamzam a kofi ya ce, "Ungo, Hajiya." Ta karɓa, ta ce ya sake faɗa. Ya sake.

Da suka hau Ɗa'if suka miƙi hanyar gida, sai ga motar ta ba Makka baya, Hajiya Hansai kuma ta ba ta fuska. Yinin nan duka ba ta yarda a ja labule ba. Duwatsun suka yi ta ƙanƙancewa a cikin gilashin, da yamma rana ta sauka a tsakiyarsa, ita kuwa tana kallo tana jan carbi. Ta ce wa Tabawa ai in ka miƙe ta nan ka wuce Makka ka haye teku, ba ka tsaya ba, Bakori za ka faɗa.

Washegari da hantsi, sun wuce Dawadimi kaɗan, Dabo ya ji numfashin da ke bayansa ya sauya. Kafin Tabawa ta ce ya tsaya har ya sauka gefen titi. Ya zagayo ya durƙusa a gabanta yana laƙƙana mata kalmar shahada, leɓenta na motsi tare da nasa. Isiyaku daga bakin ƙofa ya faɗi abin da kowane Bahaushe zai faɗa a irin wannan lokaci.

"Alhaji, a juya ta gabas."

Dabo ya zura hannu ƙarƙashin kafaɗarta zai ɗaga, sai ya tsaya. Ya dubi yadda take kwance a gefen dama, ya dubi gilashin, ya dubi titin da suka baro ya miƙe ɗoɗar zuwa Makka. Ya zare hannunsa a hankali.

"Tana gabas," ya ce.

A maƙabartar Al-Ud aka binne ta bayan la'asar. Dabo ya ƙara shekaru yana tuƙi a kamfanin, bai ƙara aure ba, bai sayar da motar ba, bai kuma taɓa gadon ba. In ya ajiye ta a lungu sai ya yi ta gaba da baya har hancinta ya kalli mafitar rana, sannan ya kashe inji ya leƙa baya ya tabbatar labulen a buɗe yake.