Ɗigon Jirgin Autan Inna

Tun zamanin tafireta take ofishin nan, shi ya sa har yau Inna Tafireta ake ce mata, ko da yake tafiretar ta daɗe a sito tana tsatsa. Mace ce mai kaifin baki da sanyin zuciya. Ka kawo mata takarda da mummunan rubutu, sai ta tambaye ka ko kaza ce ta taya ka, sannan ta buga maka ita tsaf.

Autanta yana aiki a jirgin ruwa na dakon kaya, irin wanda in ya shiga teku sai a yi makonni ba waya. Kafin ya tafi ya zo ofis ya saita mata burauzar kwamfutarta, wato wurin shiga intanet, yadda da ta buɗe sai taswira ta fito, da ɗan ɗigo ja a tsakiyar shuɗi. Jirginsu ke nan. Kullum da safe, kafin ta ajiye jaka, sai ta duba ɗigon. In ya motsa daga inda ta bar shi jiya, ta san ɗanta na nan lafiya, ta kama aiki.

Ana nan sai hedikwata ta sa aka zuba wa duk kwamfutocin wata manhaja mai korar 'yan leƙen asiri. Ita kuwa manhajar nan ba ta san uwa ba, ba ta san ɗa ba. Duk shafin da ba ta gane ba, ɓarawo ne a wajenta. Inna ta buɗe da safe, sai tambarin kamfani ya yi mata ƙuri. Taswira ta tafi, kuma ba ta taɓa sanin adireshin shafin ba.

Ba ta gaya wa kowa ba. Kayan ofis ne, tana tsoron a ce da ma me ya kai ta. Amma tsoron da ya fi cin ta na teku ne. Ta daina tsokana, shayinta ya riƙa hucewa a kan tebur. Ranar da akawu ya kawo mata rubutunsa na tsutsa ta karɓa shiru, ya ga ta zuba wa kwamfutar ido, shi ya ruga ya kira mai gyaran kwamfuta.

Dattijo ne mai tsamin rai, ana ce masa Kashe-Kunna, don maganinsa ke nan ga kowace cuta. Ya ja kujera, ya yi ta tambaya har ta faɗa masa, tana kallon ƙasa. Ya yi tsaki, ba don ita ba. Ya ce umarnin daga sama yake, ko ya mayar, gobe manhajar za ta sake sharewa, amma shi ai ƙafarsa lafiya lau, zai riƙa biyowa da safe.

"Yaya sunan jirgin, Inna?"

Ta faɗa masa. Ya buga. Taswira ta buɗe, ta kai ido inda ta bar ɗigon, babu komai sai ruwa. Dattijon ya ja taswirar a hankali, can gefe, kusa da wata gaɓa, sai ga shi ja.

Ta ɗora yatsa a kansa, hawaye na zuba, tana dariya.

"Ka ga ja'irin yaro. Ashe har ya kai can, ni ina nan ina ta yi masa addu'a a tsohon wuri."