Na Tambayi Mai Maganar Ko Ya Gane

Jiya a bakin kogin Komadugu na tsuguna cikin garkar tattasai, manoma sun kewaye ni, ina ta baza ilimi.

A wurin aikinmu ne muka haɗa wata manhaja: ka ɗauki hoton ganye da salula, ta faɗa maka cutar da maganinta. Na ɗauki hoton wani ganye da ya nannaɗe, na karanta amsar da ƙarfi: "A duba bayan ganyen da sassafe, can ƙwarin suke laɓewa. A yayyafa ruwan dogon yaro da toka."

Na juya wajen wani dattijo. "Baba, ka gane, ko in maimaita?"

Ya yi murmushi. "Na gane, ɗana. Ai bara ni na faɗa maka wannan, kana rubutawa. Kwana uku kana zuwa garkata, har furata ka sha."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga bakinsa muka kwashi abin da muka koya wa na'urar, amma ko fuskarsa ban riƙe ba.

Sai ya cika mini leda da tattasai.

Jama'a, da wane ido zan koma in tambaye shi sunansa?