Injin da Ya Raba Ni da Baba

Ƙanena Uthman bai taɓa gyara ko fanka ba a rayuwarsa. Ina so a fara sanin wannan, domin yanzu idan ka shiga unguwarsu a Umbadda ka tambayi gidan muhandis, wato injiniya, kowa zai nuna maka ƙofarsa. Ni kuwa da na yi shekara ashirin da biyu ina naɗa wayar injinan ruwa da na niƙa a warshata, shagon gyarana na Bahri, har yau Usta Lawal mai gyara ake ce mini, kuma ba wanda ya taɓa tsallaka kogi don ya kalli aikina.

Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu, Malam Isma'il. Kakanmu daga ƙasar Haɗeja ya taso da ƙafa zuwa Makka, a hanyar dawowa ya yada zango a Sudan, zangon da bai tashi ba ke nan. A unguwar Hajj Yusuf aka haife mu. Ni ne ɗan fari, Uthman auta, mata huɗu a tsakaninmu. Baba mutumin da ne, ba ya kiran sunan ɗan fari. Ni "kai" ne, in ana maganata da baƙi kuma "babban". Na san kunya ce, na san haka aka yi masa shi ma. Amma sanin bai hana ni jin zafi ba duk lokacin da na ji "Uthman, Uthman" sau goma kafin a sauke shayi.

Uthman bai gama sakandare ba. Ya ja raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, wata bakwai, ya sa ta a kwata. Ya sayar da kofunan shayi, rabi suka fashe a hannunsa. Daga ƙarshe ya samu rumfa a kasuwar Suq Libya yana sayar da kayan wasan yara na gwanjo, irin waɗanda ake kawowa a buhu daga ƙasashen Larabawa: 'yar tsana mai hannu ɗaya, mota mai taya uku. A nan ya zauna, ya auri Ni'mat, ya kama gida a Umbadda. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya faɗa da kowa, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ba ni haushi, don mai sanyin hali ba ka samun inda za ka kama shi.

A gindin kowane buhu akwai 'yan bulon roba masu launi, waɗanda yara ke harhaɗawa su gina gida, mu nan mukaabat muke ce musu. A warwatse suke zuwa, ba mai saye. Wani zai zubar, Uthman kuwa tarawa ya yi, shekara da shekaru, a bokitan halawa. Ni'mat ta sha taka su da tafin ƙafa tana salati tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro su.

Shekarar da aka rufe kasuwanni saboda korona ce ta jawo mini. Zaman gida ya ishe shi, ya ga a wayarsa yadda wasu Turawa, manya da furfura, ke gina injina da irin wannan bulo, suna juya ƙananan ƙwallaye. Ya zazzage bokitansa a tsakar gida. Ya ciro ɗan moto daga cikin wata matacciyar motar wasa, ya haɗa da tsohon batirin raksha, tunda wutar Umbadda sai ta ga dama take zuwa. Da aka buɗe gari na je duba su, na tarar da abin ya cinye tebur guda. Wani ɗan tsani yana ta hawa da sauka yana ɗaga ƙwallaye ɗaya bayan ɗaya, su gangaro kan wasu sanduna biyu masu buɗewa a hankali. Ƙaramin ƙwallo ya faɗa tun da wuri, matsakaici a tsakiya, babban sai can ƙarshe.

Na ce, "Me yake yi?"

Ya ce, "Raba su yake yi, Yaya. Kowa da gidansa."

"In ya raba fa?"

"Sai ya sake haɗa su."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce masa, ya zol, bawan Allah, kai da 'ya'ya uku. Shi ma ya yi dariya, ya sunkuya yana neman wani ƙwallo da ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tulu.

A lokacin Baba yana wurina, kamar yadda ya kamata, tun rasuwar mahaifiyarmu. Idonsa ya tafi, sannan sanyin ƙashi ya kama masa yatsu suka ƙage. Mutumin da ya yi shekara sittin da carbin ƙwallon aduwa a hannu, ya zama in ya ja uku sai carbin ya zame ya faɗi. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ka ga ya yi shiru bayan salla, hannuwa a cinya kamar ba nasa ba. Na sayo masa ɗan abin ƙirga da ake sa wa a yatsa, ya kasa dannawa, kuma ko ya danna ba ya ganin lamba. Matata Hanan takan zauna ta ja masa, amma ga tukunya ga yara, shi kuma ba ya son ya tsare ta.

Ran Babbar Salla na kai shi Umbadda cin nama. Muna zaune a rumfa sai Uthman ya kunna abin nasa don baƙi. Baba ya karkata kai.

"Uthman, mene ne ke ƙwas-ƙwas haka?"

Uthman ya ja kujerarsa kusa, ya kama hannunsa ya ɗora a kan tsanin, yana yi masa bayani kamar mai karanta wa sarki wasiƙa. Ni ina ta cin hanta ina jira Baba ya ce wannan shirme ne. Bai ce ba. Can na duba sai na ga leɓensa yana motsi, duk ƙwallon da ya faɗa, leɓen ya motsa. Na ajiye hantar.

Cikin mako guda Uthman ya sake wa injin tsari. Ya ƙirga ƙananan ƙwallaye talatin da uku, matsakaita talatin da uku, manya talatin da huɗu. Ya yi wata 'yar ƙofa mai sakin layi ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan su faɗa gwangwanin tumatir, matsakaita cikin kofin shayi, manyan cikin akushi. Kowanne da kukansa, don haka Baba da kunne yake sanin inda Subhanallahi ta ƙare, inda Alhamdulillahi ta fara. Wani maƙwabcinsu mai ɗangalallen wando ya ce bidi'a ce. Baba ya ce masa ya zo ya ara masa yatsu.

Da farko ran Juma'a kawai nake kai shi. Daga Hajj Yusuf mu ratsa Bahri, mu hau gadar Shambat, mu kutsa cunkoson Omdurman, ni ina zufa ina zagin direbobin hafla, motocin haya, shi yana tambaya ko mun kusa. Sai Juma'a ta koma Alhamis zuwa Asabar. Sai ya ce a kai masa bargonsa. Wata rana na shigo gida na ga Hanan ta shanya kuɓewa a kan gadonsa na igiya, domin kwana tara ba a kwanta a kai ba. Na yi mata faɗan da ba ta ci ba.

A masallacin unguwa aka fara tambayata. "Ina Malam? Lafiya dai ko?" Da wannan "lafiya dai ko" gara a mare ni. A wurinmu uba ba ya barin gidan babban ɗa ya koma na auta sai in akwai magana, kuma kowa yana so ya ji maganar. Ni na kai shi asibitin ido sau shida. Ni nake yanke masa farce. Yanzu an wayi gari ɗan kayan wasa ya ɗauke mini shi da gwangwanin tumatir. Kishi nake yi, ban ɓoye ba, kishi mai hana cin abinci.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne injin ba shi da kyau. Ni na san aiki. Haƙoran ba su shiga juna daidai, zafin rana yana sa robar ta saki, moton yana ɗumi kamar burodi. Ba ya zagaye uku sai ya cije, ko ƙwallo ya yi tsalle, ko tsanin ya ɓalle. Sai Uthman ya ce, "Dagiga, yaba," wato minti ɗaya, Baba, ya tsuguna ya gyara, Baba yana jira yana ba shi labarin Haɗejan da shi kansa bai taɓa gani ba. Uthman har rumfarsa yake rufewa da la'asar saboda wannan. Na faɗa masa kurakuran ɗaya bayan ɗaya, ina jira ya musa. Ya ce, "Wallahi gaskiyarka, Yaya, kai ne usta."

To, sai na ce bari a ga aikin usta.

Wata biyu na yi a kai. Na ƙera jikin da alminiyam, na sa masa moto na gaske mai juyawa a hankali, na samo ƙwallayen ƙarfe girma uku daga wurin masu gyaran manyan motoci. Kowane gatari na zaunar da shi daram, na shafe da girisi. A sana'armu, injin da ke ƙara injin da ke da ciwo ne, don haka duk inda ƙarfe zai taɓa ƙarfe na shimfiɗa robar tayar keke, har cikin kwanuka ukun da ƙwallayen ke faɗawa. Na bar shi yana aiki tun safe har la'asar, kwana huɗu a jere, bai cije ko sau ɗaya ba. Maƙwabtana na warsha suka taru suna ma sha Allah. Ranar na ji ni mutum ne.

Na aika wa Uthman ya dawo da Baba ran Asabar. Hanan ta dafa jabana, gahawar nan tamu, ta share rumfa, ta sauke kuɓewarta. Bayan la'asar na yaye zanen da na rufe injin. Uthman ya zagaya shi sau biyu, idonsa ya yi ƙyalli.

Ya ce, "Yaya, wannan ai na kanti ne! Tamam, wallahi tamam. Sai dai robar nan ta cikin kwano..."

Na ce, "Kai dai zauna ka kalla."

Na zaunar da Baba a gabansa, na danna. Tsanin ya fara hawa sumul, ƙwallaye suna gangarowa suna rabuwa, kowa yana faɗawa gidansa. Ina kallon leɓen Baba. Bai motsa ba. Ƙananan suka ƙare, matsakaita suka ƙare, manyan suka kusa rabi.

Baba ya ce, "Kai, kunna mana."

Hanan ta sunkuyar da kai a kan kofunanta. Na ce, "Ai yana yi, Baba. Ya kusa gamawa."

"Ban ji komai ba."

Na kashe, na sa farce na ɓanɓare robar kwanukan. Na sake dannawa. Ƙarfe ya fara dukan ƙarfe, ƙal, ƙal, ƙal, duka da murya ɗaya, har kajin Hanan suka watse. Baba ya ɗan yamutsa fuska. Uthman ya miƙe da sauri ya ce ba matsala, a sa gwangwani da kofi da akushi, minti biyu ne. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji kamar in jefe shi da kwanon.

Na ce, "Za a sa. Amma Baba, ka san abin da ya bambanta shi da wancan? Wannan ba ya lalacewa. Ba ya cijewa, ba ya zubar da ƙwallo. Ga maɓallin nan babba, da gwiwar hannu ma za ka iya dannawa. Ko ina warsha, ko Hanan tana kasuwa, ba ka buƙatar kowa ya zauna kusa da kai."

Baba ya miƙa hannu ya shafa jikin injin, ya daɗe yana shafawa. Ya ce Allah ya yi albarka, an sha aiki. Sannan ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar Uthman, ya yi wani ɗan murmushi da ban taɓa samu ba.

Ya ce, "Na Uthman kullum sai ya lalace."

Ya sha jabanarsa har ƙasa, ya kira Hanan ya ce ta haɗa masa sauran rigunansa da Alƙur'aninsa na cikin gafaka, ya ce ba don komai ba, don kada a riƙa wahalar da babban da zirga-zirga a kan gada.

Ni na ɗauki jakar zuwa mota, ni na ja su. Su biyu suka zauna a baya. Tun daga Hajj Yusuf har muka hau gadar Shambat, Uthman yana gaya masa cewa tsanin ya sake ɓallewa jiya, sai sun zauna sun duba shi tare, Baba yana ta tambayar ta wane gefe ya ɓalle. Ni na san ta wane gefe, na kuma san dalili, amma ba a tambaye ni ba.