Hannun da na sa wa ƙanena

Ƙanena ya cuce ni. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ni na goya shi, kuma ba zan sassauta maganar don wani ya ji daɗi ba.

Da ya ɗan zauna a Greensboro, garin da nake zaune a Amerika, sai ya ce zai sayi kamyo, babbar motar ɗaukar kaya. Ya ce, "Yaya, banki na son wanda zai tsaya mini." A Maraɗi in aka ce ka tsaya wa mutum, zuwa kake ka ce na san shi, na san gidansu, ba ɓarawo ba ne. Haka na ɗauka. Lokacin ban iya karatun boko ba, sunana kawai nake zanawa. Na yafa mayafi na bi shi, na zana inda aka nuna mini, har da alfaharina.

Injin motar ya mutu, ƙanena ya kasa biya, banki ya ɗauke ta ya sayar da arha. Shi ya tattara ya koma Maraɗi. Ragowar bashin ya dawo kaina.

Da rana ina ɗaure kwalaye a wani sito a titin Wendover, da yamma ina zuwa ajin manya. Na shiga ne don in riƙa karanta sunan magani da kaina. Sai ga shi takardar da na fara karantawa daga sama har ƙasa ba taimakon kowa sammacin kotu ce. Na kira ƙanen nawa. Ya ce, "Yaya, ki kwantar da hankalinki, ai banki ba mutum ba ne."

Na ce, "Ni fa? Ni ma ba mutum ba ce?" Sai layi ya yanke, wai ba sabis.

Lauyar da na gani ta yi mini bayani a hankali. Akwai abin da suke kira bankarafsi: ka je kotu ka ce ka karye, alƙali ya duba, ya sauke maka bashin. In ban yi ba, za su iya kama ɗan abin da ke asusuna, wataƙila har motar da nake zuwa aiki. Na ce a yi. Sai ta ce in faɗi duk wanda ke bi na kuɗi.

Na ce banki.

Ta ce, "Kowa da kowa."

A nan na tuna da adashi. Ina cikin adashin matanmu. Na roƙa an ba ni kwasa da wuri, na zuba wa bankin nan ko zai ƙyale ni, bai ƙyale ni ba, ga zubi da yawa a gabana. Lauya ta ce dole sunan uwar adashi ya shiga, kotu za ta aika mata takarda. Na ce to bari in sayar da sarƙata in sallame su tukuna. Ta ce kul, kotu na iya bin kuɗin ta karɓo daga hannunsu. Bayan an gama, in na so in biya su, ba mai hana ni.

Ran Asabar muka taru gidan Hajiya, uwar adashin, tsohuwar da ta ba ni katifa makon da na sauka ƙasar nan. Ana cin dambun zogale sai hira ta faɗa kan wani mai shago da ya yi bankarafsi.

Wata ta ce, "Ikon Allah, ƙasar da matsiyaci ke biyan lauya don a shaida matsiyaci ne!"

Aka kwashe da dariya. Hajiya ba ta yi ba. Ta ce, "Kotu ta wanke shi. Ranar da aka shimfiɗe shi aka ce wa ke bin sa bashi, kotun za ta zo?"

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na tuna ranar da babanmu ya rasu, muna cikin gida muna jin muryar baffa a waje yana tambayar jama'a ko akwai mai bin mamaci. Ba wanda ya amsa. Da wannan shirun innarmu ta yi ta alfahari har ta bi shi.

Na kira Malam, limaminmu. Na ce, "Malam, in alƙalin Amerika ya yafe, Allah ya yafe?" Ya ce wanda ya gaza da gaske ana yi masa rangwame, amma haƙƙin mutane na mutane ne, su ake roƙa. Na so ya ce mini i ko a'a. Bai ce ba.

Bankin ban ji kunyarsa ba, bai san fuskata ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Hajiya ta buɗe akwatin wasiƙa ta ga tambarin kotu da sunana, ta kai wa jikarta ta fassara mata a gaban kowa.

Washegari, kafin in kira lauya in ce ta shigar da takardun kotu, na tuƙa zuwa gidan Hajiya. Ta buɗe ƙofa da carbi a hannu.

Ta ce, "Lafiya da sassafe, 'yar nan?"

Na ce, "Ba lafiya ba, Hajiya. Sunanki zai shiga takardar kotu saboda ni. Na zo ki ji daga bakina."