Riɗi Ba Ya Jira

A unguwarmu ta bayan kasuwar hatsi a Gadarif, da an idar da sallar isha'i kakata takan jawo gadonta na igiya gaban bukka, kusa da murhu. Mu jikoki muna ce mata Habboba, yadda 'ya'yan maƙwabtanmu Larabawa ke kiran tasu kakar. Tana goye iyayenta suka taso daga yamma da ƙafa za su Makka, tafiyar ta tsaya musu a nan, suka kama noma. Mukan kewaye ta mu bakwai ko takwas, hayaƙin karan dawa yana sa mu hawaye, amma ba mai matsawa.

Kusa da ni kullum Maryama ce, 'yar kawuna, abokiyar wasata. Ba ta da aiki sai tsokanata. Ita ta laƙaba mini Sarkin Barci, kuma ba ƙarya ta yi ba, don ban taɓa kai tatsuniya ƙarshe ido biyu ba.

Habboba takan gyara itace ta ce, "Ga ta nan ta taho daga yamma da ƙafa, kamar mu."

Mu ce, "Ta sauke kayanta mu ji."

Wadda na fi so ita ce ta manomi da matar riɗi. Wai wani matalauci ne ya tarar da wata kyakkyawa zaune a gonarsa da asuba. Ta ba shi irin riɗi cikin tafin hannu, ya aure ta. Ta koya masa shuka, ta koya masa yanka, da ɗaure dami a tsayar da shi ya bushe. Ta ja masa kunne cewa in riɗi ya yi rawaya a yanke shi nan take, in aka yi jinkiri kwanson zai fashe, ƙwayar ta zube cikin tsagar ƙasa, ba mai iya tsince ta. A nan Habboba kan ɗaga yatsa ta ce, "Ya wiledi, yarona, riɗi ba ya jira." Manomi ya yi arziki, gona ta yi ta faɗi, rumbuna suka yi ta cika. Ni kuma daidai inda rumbunan ke cika barci yake sace ni.

Da safe in na tambayi Maryama yadda aka ƙare, sai ta murguɗa baki. "Sai ka biya ni da rake, Sarkin Barci." Ban taɓa biya ba. Har muka girma, aka ɗaura mana aure, Habboba ta rasu, muka haifi Batulu da ƙannenta biyu, wasan nan bai mutu ba. Ita ce matata, ita ce kuma kaɗai wadda nake faɗa wa abin da ba na faɗa wa maza.

Na zama wakilin wani mai babbar gona a Simsim, inda tarakta ke huɗa daga nan har inda ido ya gaza. Tarakta na shuka, amma riɗi sai lauje da hannun mutum. A ƙarshen wata damina ina da ma'aikata cike da sansani, riɗi ya yi rawaya ko'ina lokaci guda, sai direban motar da ke kawo mana gari ya ja ni gefe.

"Idrisu, maiɗakinka ba ta da lafiya. Zazzaɓin ya ƙi sauka. Ta ce in ce ka zo."

Na dubi gonar. Wallahi muryar Habboba na ji a kunnena. Na ce masa, "Ka ce mata kwana uku kacal, mu gama yanka. Ita ma ta san riɗi ba ya jira." Har dariya na yi, ina ganin na aika mata da wasanmu na yara. Maryama ko talatin ba ta cika ba, mace mai ɗaukar buhu ita kaɗai, me zazzaɓi zai yi mata?

Kwana ukun suka zama biyar. Ban bar ko kara ɗaya a tsaye ba, mai gona ya yaba mini. Da na sauka daga mota a bakin unguwa, tabarmi na hango shimfiɗe a ƙofar gidanmu, maza zaune ana karɓar gaisuwa. An kai ta tun jiya da la'asar.

An ce mini haƙuri, an ce kwana ne ya ƙare, kuma na san haka ne. Zuwana ba zai ƙara mata ko numfashi ɗaya ba. Amma ta kira ni, ban zo ba, wannan kuwa babu malamin da ya iya cire mini shi daga rai.

Bayan arba'in, wata magariba wutar lantarki ta ɗauke, muka zauna gaban murhu ni da yaran. Ƙaramin ya ce in yi musu tatsuniya yadda Innarsu take yi. Na kama ta riɗi, na kai inda rumbuna ke cika, na tsaya. Iyakar abin da na sani ke nan.

Batulu, 'yar shekara tara, ta ce, "Baba, ai da saura." Ta gyara zama irin na uwarta ta ci gaba. Wai gonar ta yi nisa da gida har manomin ya koma kwana can. Wata rana matar ta aika kurciya ta ce ya zo, ya ce bari ya gama yanka. Ta sake aikawa, ya ce saura kaɗan. Da ya dawo da raƙuma niƙi-niƙi da kaya, ya tarar matar tasa ma riɗi ce, ta nuna, ta jira, ta fashe ta zube cikin tsagar ƙasa. Ya durƙusa yana tsintar ta ƙwaya-ƙwaya. Shi ne tururuwa, har yau bai gama ba.

Na ce, "Wa ya faɗa miki ƙarshen?"

"Inna, ranar da direba ya dawo ba kai. Ta ce in ajiye maka, wai ta yafe raken."

Shekaru sun shuɗe, Batulu ma ta yi aure. Na bar aikin gona, ko ƙanshin man riɗi ba na so. Mutane suna cewa tatsuniya tana koya wa yaro hankali. Ni rabinta na ji, na riƙe shi gam kamar karatu, na yi aiki da shi ranar da bai kamata ba. In na ga tururuwa ɗauke da ƙwaya a tsakar gida, nakan ɗaga ƙafata in ba ta hanya. Yanzu barcin ma ya daina zuwa, ga shi babu mai kirana Sarkin Barci.