Kwalin tokar da na ɗebar wa matar abokina

Shekarun baya, a sanyin da aka tafka ruwan sama a Dubai har ruwa ya sha kan motoci a wasu tituna, wato 'yan watanni kafin korona ta sa a kulle gari, ina aikin kula da wani gida a bayan Al Warsan, kusa da inda ake sayar da shuke-shuke. Shara, ban ruwa, buɗe ƙofa da rufewa. Abokina ne ya samo mini aikin. Shi ne direban gidan, mutumin Kano, kuma shi ya tsaya mini a gaban maigidan ya ce, "Wannan ko allura ka ba shi ajiya, bayan shekara za ka same ta inda ka bari." Bizata ma a hannun gidan take.

Maigidan dattijon Balarabe ne mai fama da ciwon gwiwa. Mu ma'aikata arbab muke ce masa, kamar yadda ake kiran iyayen gida a can. Ɗansa da ya yi karatu a ƙasar sanyi ya sa aka kawo masa murhun jin ɗumi na zamani, aka kafa a ɗakin baƙi da ke tsakar gida. Ranar da aka sauke shi daga mota na yi dariya har da riƙe ciki. Murhu a garin da takalmi yake laushi a kan kwalta? Da Disamba ta shigo, ni ne na farko da ke neman dalilin shiga ɗakin nan da sassafe.

Murhun ba ya cin itace irin namu. Dusar katako ce aka matse ta zama ƙwayoyi kamar abincin kaji, ana ce mata felet. Yana kuma cin ƙwallon dabino idan an wanke an busar da shi sosai. A bayansa akwai wani ɗan rumbu da ake zubawa, sai wani ƙarfe ya riƙa murɗo ƙwayoyin kaɗan-kaɗan yana sakewa cikin kaskon wuta, fanka na hura musu iska. Maɓalli ɗaya ka danna ya kama, ka sake dannawa ya mutu.

Mutumin da ya kafa shi, wani ɗan Pakistan mai haƙuri, ya yini yana koya mini. Kullum a kankare kaskon wutar, kada ramukan iskar su toshe. Kada a buɗe ƙofar murhun sai ya huce. Duk mako a duba bututun hayaƙi. Akwai wata ƙararrawa a bango, in ta yi kuka a buɗe tagogi kowa ya fita, don akwai hayaƙin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Ya sa na gwada jan tulun nan na kashe gobara har sau biyu. A ƙarshe ya miƙo mini bokitin ƙarfe mai murfi, ya ɗaga yatsu uku. Toka a nan kawai za ta shiga, a rufe, a ajiye a kan siminti nesa da komai, sai ta kwana uku kafin a zubar. Ya manna wata takarda a bango, Larabci a sama Turanci a ƙasa. Na gyaɗa mata kai kamar na gane. A lokacin ko Hausa da ƙyar nake haɗa baƙi, ina da shekara arba'in da bakwai.

Karatun ma abokin nawa ne ya ɗora ni a kai. Duk Juma'a bayan masallaci, lokacin hutunmu, mukan tafi gidansa a Al Muraqqabat, ɗaki ɗaya ne a cikin fulat da suke rabawa da wasu iyalai biyu. Mu ci abinci, sannan ya zaunar da ni da littafin rubutu da fensir. Na kusa cika littafi guda. A shafukan ƙarshe na fara rubuta wa babbar 'yata wasiƙa, wadda na yi niyyar in ɗauki hotonta in tura mata, ta ga hannun babanta.

Wata Juma'a muna cin tuwo da miyar karkashi, matarsa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri da miyar. Ba toka. Garin nan zinariya har a bakin titi, amma ka nemi toka cokali ɗaya ka rasa. Kowa gas, kowa lantarki."

Na ajiye loma na ce, "Hajiya, gaban sarkin toka kike zaune ba ki sani ba."

Mijin ya ce, "To ranka ya daɗe, a taimaki talakawa."

Ta ce tana so ta tace ruwan toka na miya, sauran kuma ta goge gindin tukwanenta. Na yi mata alkawarin Juma'a mai zuwa.

A cikin makon ne aka yi ruwan nan. Ya shiga sito ya jiƙa mana buhunan felet, suka kumbura suka koma dusa. Buhu biyu da suka tsira na kwashe su na kai ɗakina da ke bakin ƙofar gida, muka koma ƙona ƙwallon dabino. Shi kuwa ƙwallon dabino ya fi felet riƙe wuta. Wannan ban lura da shi ba sai daga baya.

Ranar Juma'a da safe na kunna wa arbab murhu bayan sallar asuba, ya sha gahawarsa, wajen ƙarfe takwas na kashe. Da hantsi na zo kwasar toka. Sai na tuna alkawari. Tokar da ta kwana uku na riga na zubar a gindin shuke-shuke jiya. Bokitin ƙarfe kuma ba abin da za ka shiga da shi fulat ɗin mutane ba ne. Na ɗora tafin hannu a kan tokar da ke cikin murhun, na ji ta da ɗan ɗumi kawai, kamar kan jariri. Na samo kwalin madara, na kwashe ta tas na zuba, na naɗe bakin kwalin. Na kai ɗakina na ajiye a ƙasa, jikin buhunan felet, a ƙarƙashin ɗan katakon da nake ɗora littafina. Na yi wanka, na sa kaya, muka ɗauki arbab muka tafi masallaci.

Muna dawowa, tun kafin motar ta tsaya, dattijon ya ɗaga hanci. Abokina ya ce, "Kai, waccan ba tagarka ba ce?" Hayaƙi ne fari yake fitowa ta tagar, yana kuma bi ta ƙarƙashin ƙofa. Ban san lokacin da na fita daga motar ba. Na ɗauko jan tulun, na tura ƙofa, na durƙusa kamar yadda aka koya mini, na fesa a gindin wutar. Allah ya taimaka ba ta riga ta tashi sosai ba, cin ciki take yi. Abokina ya jawo tiyon ban ruwa ya ƙarasa ta. Muka tsaya muna tari, fararen kayanmu na Juma'a sun koma kalar jaki.

Kwalin babu shi, sai zanen inda ya zauna. Katakon da ke samansa wuta ta ci rabinsa.

Arbab yana tahowa a hankali da sandarsa. Abokina ya matso ya yi ƙasa da murya. "Mutumina, ka ce waya ce. Ruwa ya taɓa wayar lantarki. Kowa ya san an yi ruwa."

Na san dalilinsa. In aka kore ni, biza ta tafi, shi kuma da ya tsaya mini bakinsa ya zube a gidan. Na so in karɓa, wallahi na so. Amma na dubi ɗakin baƙin can, na tuna gobe ma ni zan kunna murhun, tsohon yana zaune a gefensa da gwiwoyinsa. Na ce, "Fassara masa yadda na faɗa, kada ka gyara."

"Kai dai ba ka da dabara."

"Dabarar ce ta kawo mu nan."

Na faɗi komai, har da miyar karkashi. Abokina yana fassarawa yana share gumi. Dattijon ya saurara, ya tona tokar da bakin sandarsa, sai ga ƙwallon dabino guda, baƙi ƙirin. Ya yi tambaya, abokina ya juyo da ita: "Wai a garinku mahaifiyarka da me take kunna wutar safe?"

Nan take na gane. Mahaifiyata ba ta sayen ashana sai da dalili. In ta gama tuwon dare takan binne garwashi a cikin toka, da safe ta tona, ta ɗora kara, ta hura, wuta ta tashi. Ni kaina sau nawa aka aike ni maƙwabta ɗebo wuta a cikin toka a kan fasasshen kasko? Abin da na sani tun ban san damana da haguna ba. Amma don wannan murhun yana da maɓalli da fanka, sai na ɗauka wutarsa ma ta zamani ce, in an ce ta mutu ta mutu.

Na faɗa masa haka. Ya yi dariya har sandarsa na rawa, ya ce tasa mahaifiyar ma haka take yi a cikin rairayi, tun ba a san za a yi gini a wurin nan ba. Sannan ya daina dariya, ya kai ni gaban takardar bango, ya nuna layi na huɗu ya ce in karanta. Na ce ban iya ba. Ban taɓa faɗa masa ba sai ranar.

Sai ya ce, "Halas, shi ke nan. Wannan takardar ba taka ba ce. Ka rubuta taka da yarenku, da hannunka, ka manna a ƙarƙashinta. Shuwayya-shuwayya, ba sauri."

Juma'a uku na yi ina rubuta layi shida. Abokina na faɗa mini baƙaƙen, matarsa na leƙowa tana cewa, "Sarkin toka, a rubuta da kyau." Layi na huɗu ban tambayi kowa ba, ni na tsara shi: Toka ba ta mutuwa sai ta kwana uku a bokitin ƙarfe. Rubutun ya karkace kamar sawun kaza, amma arbab ya sa aka saka shi a leda aka manna. Na ƙara sanyi biyu a gidan ina kula da murhun, ƙararrawar bango ba ta taɓa kuka ba. Hajiya ma ta samu tokarta daga baya, wadda ta kwana biyar, a cikin gwangwanin ƙarfe, kuma miyar ta yi daɗi.

Yanzu in na tuna, ba kunya nake ji ba, murmushi nake yi. Na je ƙasar mutane ina ganin duk abin da na taso da shi na ƙauye ne, ba shi da aiki a wurin injina. Ashe wuta ɗaya ce, ta gaban mahaifiyata da ta ɗakin baƙin arbab. Har yau ko turaren wuta aka yi a gidana, ni nake bin kaskon in ga inda aka ajiye shi, yara na yi mini dariya.

Abin da wutar ta ci: kwalin madara ɗaya, buhun felet ɗaya da rabi, gefen katifa, takalmina na aiki ƙafar hagu, da littafin rubutu guda, har da wasiƙar 'yata da na kai layi na tara.